Ruwan da Hamma Sale Ya Ƙi Sha

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da haƙurin ɗaukarta. Sunana Hajara, malamar firamare ce ni a Batsari, a nan kuma nake aure. Asalinmu Fulanin Babban Duhu ne, ta ƙasar Safana. Labarin jinyar yayana zan bayar, Hamma Sale, wanda ya cika a hannuna da faɗuwar daminar bara. Ba tausayi nake nema ba, masu gaisuwa sun zo sun tafi, na kuma gode musu. Ina rubutawa ne don mai tsoho a gida ya sani: mutum na iya bushewa da ƙishi a gefen randa, mutanen gida suna ta yabonsa da kunya da tattali.

Hamma Sale ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina 'yar mitsitsiya ya bi motar shanu zuwa Legas. Aka sayar da shanu, abokan tafiya suka dawo, shi bai dawo ba. Can muka ji wai yana gasa nama a bakin ruwa, inda masu hali ke ɗaure jiragensu. Daga nan wani Bature ya ɗauke shi kuku a jirginsa. Ba irin manyan jiragen dakon kaya ba, ɗan jirgi ne da bai wuce tsawon ɗakuna biyu ba, da dogon turke a tsakiya, a ɗaura masa ƙaton ƙyalle iska ta yi ta tura shi. A ciki suke kwana, a ciki suke girki, a ciki suke komai. Da Baturen ya gaji ya sayar da jirgin, sabon mai shi ya karɓe shi har da kukun. Haka yayana ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, bai yi aure ba, bai gina ko ɗaki ɗaya ba.

Da ƙarfi ya ƙare ya dawo mana da jaka ɗaya da furfura. A Babban Duhu ba mu da sauran kowa sai Goggo Tumba, ƙanwar babanmu, don tun da daji ya lalace danginmu suka watse, shanun ma suka bi su. Maigidana Malam Isiyaku ya share masa ɗakin da ke jikin zaure, ya ce gidan ƙanwarsa gidansa ne. Tafiyarsa kawai za ka gani ka san ba a tudu ya yi rayuwa ba. Ƙafafu a wawware, hannu ɗaya kullum yana laluben abin kamawa. Kafin wata ya zagayo unguwa ta raɗa masa suna Mai Teku.

Da la'asar yakan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida ya saki labari. Tsibirin da yashinsa ya fi garin rogo fari. Ruwan da kake hango inuwar kifi a ƙasansa. Mutanen da ke tuƙo kwalekwale da kwakwa da ayaba, su ba ka, ka ba su sukari da ƙugiyar kamun kifi. Ya ce in jirgi ya tsaya a kan anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, juyawa yake yi da iska a hankali, sai ka kabbara salla kana fuskantar gabas ka sallame kana kallon yamma. Dattawa su yi ta salati, samari su yi ta ƙyafta ido. Ni ma nakan leƙo in ce, "Hamma, a rage gishiri dai." Sai ya yi dariya ya ce, "Hajo, gishirin da na gani ko rabinshi ban hwaɗa ba." Tsibirai yake ba da labarinsu kullum. Tsakaninsu, inda babu komai sai ruwa, ban taɓa jin ya taɓo ba, ni kuma ban taɓa lura ba.

Abin da kowa ya lura da shi shi ne yadda yake riƙon ruwa. Da rabin kofi yake alwala, kuma ta cika. In yara suka zubar da ruwa a tsakar gida sai ka ga ya zabura kamar an taka masa ƙafa. Malam Isiyaku har misali yake yi da shi a masallaci, wai ga mai bin sunna. Sannan ga fulako, wato kunyarmu ta Fulani. A wajenmu yayan mace suruki ne ga mijinta, ba ya ci ba ya sha a gabansa, kuma babba ba ya son ƙanana su ga yana haɗiya. Don haka abinci da ruwa nake kai masa ɗaki, in ajiye daga bakin ƙofa, in saki labule, in juyo. In na koma, kwano ya ragu, kofi fayau. Ina ta alfahari a raina cewa shekarun da ya yi cikin Turawa ba su cire masa tarbiyyar gidanmu ba.

Ciwon ya fara ne a hankali, da shigowar bazara. Da farko mantuwa ce. Ya fara ɗaure kayan ɗakinsa da igiya, buta, kujera, har rediyo, wai kar su zame in aka yi juyi. Yana tafiya yana dafa bango, yana cewa ƙasa na lilo. Muka ce tsufa ne, muka yi dariyarmu. Sai ciwon kwiɓi ya biyo baya, irin wanda ke naɗe mutum a tabarma. Leɓensa ya tsattsage, idanu suka faɗa. A satin farko mai kemis ɗin bakin tasha ya ce zazzaɓin taifot ne, ya haɗo mana ƙwayoyi kala-kala, bai ko ga majinyacin ba. Ciwo ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

A sati na biyu Goggo Tumba ta ji labari, ta hau ɗan acaɓa tun daga Babban Duhu, da ƙullin magani a ƙugu. Ta leƙa shi sau ɗaya ta fito ta ja ni bayan rumbu.

"Ke Hajara, mi kike jira? Wanga ciwo ba na asibiti ba ne. Mutum ya kwashe shekaru bisa ruwa, shina kwana bisa kan masu wuri, shina zuba masu dauɗa, kina cewa haka nan za su bar shi? 'Yan ruwa ne suka biyo shi."

"Goggo, 'yan ruwa a Batsari? Mu da rijiyarmu ma ta ƙafe, ina za su zauna?"

"Yi ta bokonki. Ni dai na hwaɗa maki."

Ta yi hayaƙi har sai da kaji suka bar gidan. Ta karɓo rubutu wajen wani malami, aka wanke allo, na kai masa ɗaki kamar kullum, na saki labule. Kofi ya dawo fayau. Goggo ta ce to yanzu za a ga aiki.

Aikin da muka gani shi ne ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci da azahar. Aka kwashe shi zuwa asibiti. Muka yanki kati, muka bi layi a rana, wani mai babbar riga ya zo daga baya aka shigar da shi a gabanmu muna kallo. Allah Ya isa ban ce ba, amma na kusa. Da aka samu gado aka ɗaura masa ƙarin ruwa, sai ga mutum ya farfaɗo kamar rama ta ji yayyafi, har yana tsokanar nas. Ita kuwa, Allah Ya yi mata albarka, ta ce mini jikinsa ya bushe ƙwarai, a riƙa ba shi ruwa da yawa. Na ce yana sha, ni nake kai masa da hannuna. Aka sallame mu. Na ƙara yawan ruwan da nake kaiwa, daga kofi na koma jug, jug ɗin ma yana dawowa ba ko ɗigo. Amma ba a rufa sati ba ya koma yadda yake, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara.

Sai Katsina. Wanda ya san hanyar nan ya san ba a hawanta da sakakkiyar zuciya. Muka shiga bas da sassafe, kowa bakinsa na motsi da addu'a, Hamma a jikin taga. Abin mamaki, a cikin motar nan mai girgiza ne kawai na ga hankalinsa ya kwanta, har ya yi barci. A babban asibitin muka wuni a benci kafin mu ga likita, wata yarinya mace da na girme ta nesa. Ta ja fatar hannunsa, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta dube ni.

"Malama, yana shan ruwa kuwa?"

"Sosai ma. Jug guda nake kai masa, ya shanye."

"Kin gani da idonki?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata mu Fulani ne, ba ma tsayawa a kan babba yana sha, ba tarbiyyarmu ba ce. Ba ta yi gardama ba. Ta rubuta gwaje-gwaje, ta ce mu dawo in sakamako ya fito, sannan ta ce, "Daga yau kar ki kalli kofi. Maƙogwaro za ki kalla." Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa yaran yanzu ba su san girma ba. Amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni sukuni.

Washegari da hantsi na kai masa ruwa, na saki labule, na yi kamar na tafi. Ban taɓa yi wa babba laɓe ba sai ranar. Ta gefen labule na ga ya ɗauki jug ɗin da hannu biyu, ya tsoma yatsa ya shafa a leɓe. Sai ya durƙusa ya jawo wata roba daga ƙarƙashin gado, ya juye ruwan a ciki a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ya rufe, ya mayar. Na ɗaga labule na shiga. Na yaye zanen gadon. Robobi ne da kwalabe da galan-galan, jere reras har bango, an ɗaure su da igiya ɗaya bayan ɗaya. Har rubutun Goggo na gani a kwalba, baƙi ƙirin, yadda aka kawo shi. Ruwan da na yi wata da watanni ina kai masa ke nan, ban da 'yar kurɓar da yake yi don rai ya tsaya.

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. "Hamma, don me? Mun taɓa hana ka ruwa a gidan nan?"

Da ya buɗe baki, muryarsa a natse take, babu alamar ruɗewa.

"Iska ce ta mutu, Hajo. Ke ba ki san mutuwar iska ba. Mun baro wani tsibiri za mu wani, sai ta ɗauke ɗif. Ƙyalle ya saki jiki, teku ta kwanta kamar mai a tasa. Ɗan injin da muke da shi ya ƙi tashi. Ruwa ta ko'ina iya ganinki, amma gishiri ne, in kin sha shi zai kashe ki. Tankinmu kuwa ashe yoyo shike ba mu sani ba. Mu ukku ne, mai jirgi, da ni, da Garba mutumin Yawuri, shi ke jan igiya. Ni ne kuku, ni aka ba kofi. Kowa rabi da sahe, rabi da marece, babu ƙari ko ubanka ne. Sai zazzaɓi ya kama Garba. Ya riƙe mani ƙahwa shina cewa, Sale, don Allah, don Annabi, ɗan ƙara mani. Na ba shi rabona. Ya shanye ya ce in ƙara. Na ce sai marece. Bai kai marece ba."

Ya share baki da bayan hannu.

"Da ruwan gishiri na yi mashi wanka. Muka naɗe shi da tsohon ƙyallen jirgi, ni kaɗai na sallace shi, muka sake shi cikin ruwa. Wanshekare iska ta dawo kamar ba ita ba." Ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Shina zuwa. In rana ta take, nan yake tsayawa. Ba ya magana, leɓenshi kawai nake gani. Ƙaƙa zan sha shina kallona? Nashi nake tarawa."

Na waiga na kalli ƙofar. Babu komai sai hasken rana a kan dandamali da labule yana motsi. Amma har yau in rana ta take ba na son bi ta zauren nan ni kaɗai.

Daga nan aka shiga lallashi. Na yi roƙo, na yi faɗa, na ce Garba ya riga mu gidan gaskiya ba ya bukatar ruwan roba. Ya ce to, ya karɓi kofi, ya riƙe har in gaji. Malam Isiyaku, mutumin da ko goro bai taɓa tauna ba a gaban yayana, ya ajiye kunya ya shiga ɗakin, ya zauna a tabarma ɗaya da shi, ya ɗaga moɗa ya sha a gabansa, ya miƙa masa. "Hamma, ga shi na sha, kai ma bismilla." Hamma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka sha rabonka, Malam. Nawa na aje." Maigidana ya fito idonsa jawur.

Goggo Tumba ce ta kawo mafita, ita da nake yi wa dariya. Da na kwashe labarin na gaya mata, ba ta ce ai na faɗa ba. Sai kawai ta ce, "Ashe mamaci ne. To mamaci ba ya shan ruwan kwalba, sadaka yake sha. Ki kahwa randa ƙohwar gida ranar kasuwa."

Haka aka yi. Tsohon ruwan ba ya shayuwa, sai na juye shi gindin darbejiya a ɓoye, na wanke robobin na cika su da sabo daga famfo. Ranar kasuwa aka shimfiɗa wa Hamma tabarma a inuwa. Ya kwance igiyoyinsa da kansa, yana kallo ana tuttula robobin a randa. Rana ta yi zafi, mutane suka fara wucewa, masu jakuna daga Wagini, mata masu tallan nono, 'yan acaɓa. Duk wanda ya tsaya Goggo ta miƙa masa moɗa ta ce, "Sadakar Garba ce." Su sha su ce Allah Ya kai rahama kabarinsa. Can wani tsoho mai buhun wake ya faɗi haka, sai Hamma ya ɗago ya ce, "Ba shi da kabari, Baba. Cikin teku yake." Tsohon ya goge gemu ya ce, "To mi? Wanda Ya yi tekun bai san inda ya aje shi ba?" Ya kora jakinsa ya wuce.

Hamma ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sai ya dubi bakin zaure, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo hannu. Na cika moɗa na ba shi, kuma a gaban maigidana, a gaban Goggo, a gaban duk mai wucewa, ya kafa kai. Na tsaya ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ina kuka ina dariya. Goggo ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a jinyar nan. Yana sha kamar mai ramuwa, ruwa, kunu, fura, duk abin da aka miƙa. Na ce an gama, har na yi wa mutane albishir a makaranta. Sai na ga takalminsa ya daina shiga. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta bi, fitsari ya ɗauke kusan gaba ɗaya, numfashi ya koma sama-sama. Muka sake hawa hanyar Katsina ba shiri. Likitar nan ta riga ta ga sakamakon gwaji. Ta ce ƙodarsa ta daina aiki, ruwan da yake sha yanzu ba shi da hanyar fita, a ƙirji yake taruwa. Na ce, "Likita, ke nan ni na kashe shi da ruwa?" Ta ce, "A'a, Malama. Ba wanda kika ba shi ba ne, wanda bai sha ba ne tun tuni." Ta ce sai wankin ƙoda, aka ba mu gado. Sannan ta ɗauko wani ɗan kofi, ta manna masa filasta a tsakiya, ta ce daga yau ruwansa da awo ne, kar ya wuce nan, safe da yamma, ko da zai yi kuka.

Ni ce aka ba kofin.

Ban san yadda zan kwatanta makonnin nan ba. Wankin ƙoda ba ya jiran talaka ya shirya. Saniya biyun da suka rage mana na gado a hannun Goggo suka tafi, babur ɗin Malam ya bi su. Wata rana ka zo a ce inji ya lalace, wata rana a ce layi ya cika, ka koma benci da majinyaci yana haki. Masu shawara kuwa ba su taɓa yankewa ba. Wannan ya ce nonon raƙumi, wancan ya ce saiwar kaza da kaza, wani ya ce a fita da shi waje, kamar a aljihunsa kuɗin jirgin yake. Waɗanda suka fi kowa iya shawara ko lemo ɗaya ba su kawo ba. Amma ba zan manta da malaman makarantarmu da suka raba ajina a tsakaninsu ba, da direban bas ɗin da ke tsare mana gidan gaba ba tare da ƙarin ko sisi ba, da wata mata 'yar Safana mai jinyar mijinta a gadon kusa da mu, wadda ke tsare mini Hamma in na fita salla. Likitar nan da na yi wa ƙunƙuni ma na neme ta na ba ta haƙuri. Allah Ya saka musu da abin da ya fi alheri.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan kofin. Mutumin da na yi wa kuka ya sha, yanzu shi ke roƙona. Zafin Katsina ga shi nan, fankar ɗakin tana juya iska mai ɗumi, harshensa ya bushe har magana na yi masa wuya. Ya shanye rabonsa na safe, ya lashe bakin kofi, ya kama gefen zanena.

"Hajo, don Allah, ɗan ƙara mani."

"Sai yamma, Hamma."

Ranar farko da na faɗi haka, sai da kalmar ta fita na ji abin da na ce. Shi ma ya ji. Ya saki zanen, ya kalle ni, hankalinsa ya dawo tsaf. Ya ce, "Kar ki ƙara. Ko na yi kuka, ko na zage ki, kar ki ƙara. Na san aikin nan. Mai riƙe da kofi ya hi kowa jin ƙishi." Bayan ɗan lokaci ya manta, ya sake kama zanena. Haka muka yi ta yi. Nakan jiƙa auduga in shafa masa a leɓe. Ni kaina na daina iya shan ruwa a ɗakin, sai in fita bayan gini in sha a ɓoye kamar ɓarauniya, kuma ko na sha ba ya wuce mini.

Shawarata ga mai karatu ɗaya ce, kuma da tsada na saye ta. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ba na zaginta. Amma ranar da babba ya kwanta, ɗaga labulen ka shiga ka zauna. Ka ga abin da ya ci, ka ga abin da ya sha. In mutum ya dawo daga doguwar tafiya yana ba da labari mai daɗi, ka tambaye shi wanda ba ya bayarwa. Kuma kar a jira sai mutum ya faɗi kafin a yi gwajin ƙoda.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, jikinsa ya daina ɗaukar wankin. Likita ta kira ni gefe, ta ce sun yi iyakar abin da za su iya. "Ku kai shi gida. Duk abin da ransa ke so, a ba shi." Na ce, "Har ruwa?" Ta ce har ruwa.

Muka dawo Batsari. Aka kwantar da shi a ɗakinsa, Malam Isiyaku na karanta masa Yasin a hankali, Goggo na riƙe da ƙafafunsa. Da hantsi ya buɗe ido yana motsa leɓe. Na tashi na ɗauko sabuwar ƙwarya, na ɗebo ruwan randa mai sanyi, na cika ta har baki. Na tallafo kansa a cinyata. Ya kalli ƙwaryar, ya kalle ni.

"Kin auna?"

"Yau babu awo, Hamma. Sha iya son ranka."

Ya yi nazarin fuskata. Sannan ya ce, a hankali, "Ba a barin awo sai an hango tudu. Kin hango tudu ke nan, Hajo?"

Na ce, "Na hango, Hamma."

"To alhamdu lillahi," in ji shi. "Mun daɗe bisa ruwan nan."

Ya kafa baki ya sha, ya huta, ya ƙara sha, ruwa na gangarowa ta gemunsa ina sharewa. Bai roƙi ƙari ba, ni ma ban ce masa sai yamma ba. Kafin a kira azahar ya sauka. Allah Ya jiƙansa, shi da Garba mutumin Yawuri, Ya shayar da su inda ba a awo.